Shirin shiga gasar harbin kaboyi a Arizona: inda aikin ya kai

13 Janairu 2024

Yau na fara zuwa filin, kallo kawai naje yi, wani dattijo da muke aiki tare ne ya dame ni tun bara wai sai nazo naga abinda suke yi duk Asabar ta biyu a wata, nace masa Baba ni fa harbi ba abina bane, yace kazo dai ka tsaya a baya ba wanda zai baka bindiga. To naje. Ina sauka daga mota wani ya saki bindiga mai baki biyu da baƙin albarushi, hayaƙi fari ya turnuƙe gaban wajen, warin ya bugi hancina, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi domin warin nan na sanshi, shine warin da ke biyo bayan 'yan bindiga ranar hawan sallah a Zariya lokacin muna yara muna kutsawa cikin ƙafafun manya. Shekara nawa banji shi ba.

Ga wanda bai sani ba, harbin kaboyi wasa ne da aka fara a kudancin Kalifoniya a farkon shekarun 1980, daga baya a 1987 aka kafa ƙungiyar da ke riƙe da dokokinsa, SASS ake ce mata. Kowa zai sa kaya irin na mutanen yammacin Amurka na ƙarshen ƙarni na 19, kowa da laƙabinsa da aka yi masa rajista, ba a kiran mutum da sunan yanka a fili. Bindigogi huɗu ake buƙata, libarba biyu irin wadda sai ka ɗana da babban yatsa kafin kowane harbi, doguwar bindiga mai liba da ke cin harsashi irin na libarba, sai ta farauta, mai baki biyu ko Winchester 1897 ko 1887. Duk sai ƙirar kafin 1900, ko ta asali ko kwafinta. Yawancin siteji, wato zagaye ɗaya na harbi a cikin gasa, harsashi 10 ne a libarba, 10 a doguwa, 4 ko sama a ta farauta, ana harbin farantan ƙarfe, na'ura na ƙirga lokaci. Ka kuskure faranti ɗaya a ƙara maka sakan 5, ka rikita jerin da aka ce a bi a ƙara 10.

Abinda na ɗaura niyya: kafin ƙarshen Oktoba in harba cikakkiyar gasa ta wata da kayana na kaina, a ajin baƙin albarushi, ba tare da an cire ni a ko siteji ɗaya ba. Zan dinga rubuta inda na kai.

27 Janairu

Masu tambaya ta ina zan samu bindiga, nan doka ta bani dama saboda takardun zamana, an cika fom 4473 a shago an bincika sunana kafin a miƙo min komai. Wanda yake da bizar ziyara ko ta karatu dokarsa daban ce, kar ya ɗauki labarina ya auna kansa dashi. Kuma ba ina magana akan gida Najeriya bane, can wani zance ne daban.

Uwargida ba ta so ba da farko, tace Baban yara me ya haɗa ka da bindiga har huɗu cikin gida mai yara, kuma gaskiyarta ne. Mun daidaita akan cewa akwatin ƙarfe mai makulli ne zai fara shigowa kafin ko bindiga ɗaya, harsashi kuma wani akwatin daban a gareji. Akwatin ya iso jiya, ni da maƙwabcina muka ɗaure shi da ƙasa.

10 Fabrairu

Yau na harba siteji biyu da bindigogin aro. Abinda ya fi tsaya min a rai ba harbin bane, teburan nan biyu ne. Akwai teburin loda harsashi akwai na saukewa, kowanne da mutum a tsaye yana kallon hannunka. Libarba mai gida shida ce amma biyar kawai ake sawa, hama, wato ƙarfen da ke bugun harsashi, ta sauka akan gidan da ba komai, saboda tsohuwar Colt ta 1873 idan ta faɗi ƙasa da harsashi a ƙarƙashin hama tana iya tashi da kanta. Yadda aka koya min, sa ɗaya, tsallake ɗaya, sa huɗu, ɗana, sauke a hankali, sai ka tarar ta sauka akan ramin banza. Matar da ke kula da teburin, zata girmi mahaifiyata ma inaga, sai da ta leƙa ta gefe taga ramin da idonta sannan tace sa a kube.

Na tambayi Baba nace to ai kamfanin bindiga na Ruger ya saka wani ƙarfe tsakanin hama da harsashi tun 1973 wanda ko ta faɗi ba zata tashi ba, me yasa masu ita ma biyar suke sawa. Yace ɗana, a layi ɗaya akwai mai Ruger akwai mai kwafin Colt, mai kula da teburi ba zai tsaya yana tantance cikin kowace bindiga ba, doka ɗaya a kan kowa shine abinda ido zai iya tabbatarwa. Na gamsu da wannan amsar sosai.

Idan ka gama harbi kuma ba aljihu zaka nufa ba, teburin saukewa zaka je da bakin bindiga sama, ka juya liba a gaban mutum yaga ba komai, ka zubar da kwanso biyar biyar, ka nuna masa ramukan. Sai yace shikenan sannan ka tafi.

2 Maris

Mun je filin harbi na Ben Avery can arewacin Finiks kallon End of Trail, itace gasar duniya ta wasan, an fara ta tun 1982 a Kalifoniya, ta zauna shekaru a Nu Meziko kafin ta dawo nan kusa damu. Naga mutane daga Ostareliya da Turai, naga yara ƙanana da tsofaffi da suka haura 70. Naga wani yaro matashi ya gama siteji, harsashi 24 bindiga huɗu, cikin ƙasa da sakan 20, ƙarar farantan kamar ana kaɗa kuge.

Anan na yanke shawarar kaya. Da ina jin nauyin sa hular kaboyi, sai na karanta tarihin Bass Reeves, baƙar fata ne da aka haifa cikin bauta a 1838, ya zama mataimakin mashal a 1875 yana aiki ƙarƙashin kotun Fort Smith, ya shafe sama da shekara talatin yana kamo masu laifi a yankin da yanzu ake kira Oklahoma. Kuma masu tarihi da yawa suna cewa kusan ɗaya cikin huɗu na makiyayan da suka kora shanu daga Tekzas baƙaƙe ne. Finafinan da muka kalla muna yara basu nuna mana haka ba. To baƙar hula, falmaran, farar riga mai dogon hannu. Dokar kaya ba wuya, an hana hana-sallah, an hana kambas, an hana riga mai gajeren hannu ga maza, an hana kayan leda da nailan a ɗamara.

23 Maris

Azumi, ba fili. Kayan sun kammala dai, libarba biyu kwafin Colt, doguwa kwafin Winchester 1873 ƙirar Uberti ta Italiya, mai baki biyu hannu na biyu na saya wajen wani ɗan kulob. Na zaɓi harsashi .38 Special saboda arha, kuma da na bincika ashe shi kansa da baƙin albarushi aka fara yinsa a 1898, to ban kauce daga zamanin ba. Bayan tarawi ina yin atisaye a gareji da harsasan roba marasa komai, ba harsashi mai rai ko ɗaya a ɗakin, minti 15 kawai.

13 Afrilu

An cire ni a siteji na uku yau, kuma daidai aka yi.

Akwai dokar da ake kira 170, wato bakin bindiga kar ya wuce digiri 85 zuwa dama ko hagu ko sama ko ƙasa daga inda ake harbi, kamar kana tsaye a bakin mazurari. Ni kuma na sayi kube ɗaya irin na gicciye, wanda yake gefen hagu na ciki amma da hannun dama ake zarowa, doka ta yarda dashi matuƙar bai karkata fiye da digiri 30 ba, amma dole ka murɗa ƙugunka lokacin zarowa da lokacin mayarwa don bakin ya kalli gaba. Wajen zarowa na murɗa, wajen mayarwa hankalina ya riga ya tafi kan doguwar bindiga, na tura ta kube ina tsaye sak, bakin ya leƙa baya ta gefen hagu. Mai taima, wato mai riƙe da na'urar ƙirga lokaci, ya dafa kafaɗata yace tsaya. Ba tsawa, ba wulaƙanci, yace ka karya 170, wannan sitejin ya tafi, je teburin saukewa. Bindigar ba komai cikinta lokacin, kwanso ne biyar, amma a bayana ta hagu akwai mutane suna tsintar kwanso, kuma su ba su da hanyar sanin ko da komai ko babu.

Jikina yayi sanyi har na dawo gida. Idan aka cire ka a siteji biyu an cire ka a gasar gaba ɗaya, idan ka yar da bindiga mai harsashi ko ka share wani da bakinta shima gida zaka tafi nan take. Na cire kuben gicciyen, na yi odar madaidaici. Wasu sunce ai da atisaye zan saba, akwai ma masu cewa a hana kuben gicciye kwata kwata, ni ban kai nan ba don naga tsofaffin da suka shekara ashirin dashi ba ko kuskure ɗaya, amma sabon shiga kamar ni da yake ƙirga abu goma a kai lokaci guda bai kamata ya ƙara na sha ɗaya ba.

Yaya ya turo min bidiyon 'yan bindiga na wannan sallar, na kalla ya fi sau goma. Su albarushi zalla suke ɗurawa ba dalma, amma abinda idona ya kama wannan karon shine ba mai ko auduga a kunne, ga yara a gefe. Na kira shi nace Yaya don Allah idan zaka kai su Abba kallo ku ja baya, ka toshe musu kunne.

11 Mayu

Maganar gajeren liba ta taso kaina. Akwai wasu ƙarafa da ake canzawa cikin 1873 ɗin sai tafiyar liba ta ragu, hannu baya nisa, harbi yayi sauri. SASS ta yarda amma ta sa iyaka, tafiyar liba kar ta gaza inci 4 da 1/8. Wata ƙungiyar kuma, NCOWS, da suka fi tsanani akan bin tarihi, su sun hana. A kulob ɗinmu mutane sun rabu biyu kuma duk wata sai anyi musun a ƙarƙashin rumfa, masu cewa wannan ba bindigar 1873 bace kuma, injin tsere ne da aka sa wa rigar da, da masu cewa ai maƙeran wancan zamanin ma suna gyara bindiga kuma gasa ce ba gidan tarihi ba.

Haka ma harsashi. Doka tace dalma zalla, gudun na libarba kar ya wuce ƙafa 1000 a sakan, na doguwa 1400, daga ƙasa kuma kar ya gaza 400, sannan idan ka ninka nauyin dalmar da gudunta ka raba da 1000 kar ya gaza 60. Sittin ɗin nan kaɗan ne ƙwarai, dalma mai nauyin giren 125 da gudun 480 ta cika shi, bindiga ko motsi bata yi a hannu. Masu manyan harsasai suna raina wannan, suna cewa ko ɓera ba zai ji ba. Ni abinda na lura dashi, matar teburin nan da hannunta ke ciwon gaɓɓai da ƙaramin harsashin take harbi, da babu shi da ta daina zuwa. To ban ga laifin ba. Haɗarinsa ɗaya ne da na yarda dashi, idan ragin albarushi ya yi yawa dalma na iya maƙalewa a bututu, ka sake harba wata a bayanta bututu ya kumbura ko ya fashe, shi yasa mai taima kunnensa na kan ƙarar, yaji wata ƙaramar fus sai ya tsayar da kai.

Liba dai na barta yadda tazo daga shago. Lokacina yanzu sakan 60 zuwa 70 ne a siteji, ba liba ce ke cinye min shi ba, loda mai baki biyu ne.

8 Yuni

Wannan ce maganar da nake so a yi musu akai, ba ta liba ba.

Ina cikin masu ƙirga kuskure, mu uku ake sawa kowane mai harbi, ina tsaye ta dama ɗan baya kaɗan, sai naji kamar an tsikare ni da allura mai zafi a kumatu, ƙasa da gilashi da kamar faɗin yatsa biyu. Na shafa naga jini kaɗan. Wani ya zaro min da hantsaki, ɗan ɓallin dalma ne siriri kamar ƙwayar shinkafa da aka daka. Kowa yace ai wannan kullum ne, shi yasa gilashi dole ne ga duk wanda ke wajen har 'yan kallo. Na yarda gilashi dole ne, amma ban yarda da kullum ɗin ba.

Da aka tashi aka rufe layi naje na duba farantan da hannuna. Biyu daga cikin na libarba fuskarsu duk ramuka ce kamar dutsen niƙa, ɗaya ma ya lotsa ya zama kamar tasa, kuma a tsaye suke ƙyam ba a karkatar dasu ba. Faranti mai santsi da aka ɗan sunkuyar da kansa, dalma na bugunsa sai ta tarwatse ta bi fuskarsa ta sauka ƙasa, zaka ga layi a ƙasa inda take zuba. Mai rami kuwa ramin ne ke juyo ta inda ta fito. Na auna da tef, yadi 5 daga layi. Nisan da aka daɗe ana bada shawara ga libarba yadi 7 ne zuwa 10, amma shekarun nan yayin ya koma manyan faranti kusa kusa, saboda mutane na son sauri kuma suna son su tashi ba kuskure ko ɗaya, kulob ɗin da ya kai faranti nesa sai yaga mutane sun ragu.

22 Yuni

An yi taron kulob, na kawo maganar, ta yi zafi fiye da yadda na zata. Wani yace idan aka mayar dasu baya tsofaffi masu raunin ido zasu daina jin daɗi, kuma ya faɗi gaskiya ta wani ɓangaren. Wani yace ba nisa bane matsalar, ƙarfen ne, tsofaffin farantan ƙarfe ne mai laushi kuma akwai alamar wani ya taɓa harbinsu da bindigar farautar barewa, idan aka sayi ƙarfe mai tauri irin AR500 aka karkatar dashi ko a yadi 5 ba abinda zai dawo. Wani dattijo kuma yace ƙaramin harsashi mai tafiyar hawainiya ma baya tarwatsewa sosai, wani lokacin dunƙulensa yake dawowa. Ma'aji yace kuɗi fa. Ni nace ban zo da amsa ba, a bani dama in gwada, in kafa kwali fari babba a inda masu ƙirga ke tsayawa mu ga me zai same shi.

Baba ya mara min baya, aka amince.

13 Yuli

Zafi ya kai inda ƙarfe baya taɓuwa da hannu, mun fito tun bayan asuba. Kwali biyu, dama da hagu, kowa ya koma baya can sai mai harbi da mai taima. Harsashi 50 akan tsofaffin farantan a yadi 5, kwalayen suka fito da ƙananan huji da zane zane, wasu ɓallin ma sun maƙale a jiki ana iya ɓamɓarowa da farce. Muka canza kwali muka ja farantan zuwa yadi 8, ya ragu amma bai ɗauke ba. Sannan muka sa sabon faranti mai santsi da wani ya aro mana, aka sunkuyar da kansa, a yadi 6, kwalin ya fito kusan fes, 'yan ɗigo biyu a can ƙasa.

To mai maganar ƙarfe ya fi ni gaskiya, nisan yana taimakawa amma ba shine uwa ba. Na faɗa a gaban kowa. Na ajiye kwalayen a gareji na rubuta kwanan wata a jikin kowanne.

14 Satumba

Watan jiya ban je ba. Yau na fara harba baƙin albarushi a gasa, dokar ajin tace hayaƙinka kar ya gaza wanda cc 1 na albarushi ke bayarwa, nawa ya wuce haka nesa. Ba iska da safen, bayan harbi na uku faranti ya ɓace gaba ɗaya sai na durƙusa ina leƙe ta ƙasan hayaƙi, wani ya ce min ka haddace inda suke kafin a danna taima, kar ka jira ka gansu. Wanki kuma aiki ne, ruwan zafi da sabulu a ranar ba gobe ba, in ba haka ba tsatsa, kwanson ma a jarka mai ruwan sabulu nake jefa su tun a fili. Hannuna baƙi ƙirin har gwiwa, sai na wanke tas na canza riga a gareji kafin in taɓa yara saboda dalma.

Kulob ya sayi sababbin faranti shida, an cire masu ramin nan biyu an jingine su bayan kwantena.

12 Oktoba

Siteji shida, kayana, baƙin albarushi, ba a cire ni ko ɗaya ba, ba hukuncin jeri, kuskure uku dukansu da libarba ta biyu kuma duk faranti na ƙarshe, ina sauke hannu kafin harsashin ya fita. Na zo can ƙasa a jeri, na biyu cikin mu uku a ajinmu. Uwargida tazo ta tsaya a bayan igiya da gilashi da abin kunne, da muka shiga mota tace ita teburin saukewar nan ne ya kwantar mata da hankali.

Saura faranti huɗu na doguwar bindiga a siteji na biyar da na shafa naji sun fara rami, da ƙafafun da za a yi wa walda don su riƙe karkatar, don yanzu da itace muka tokare. An sa ranar aiki 26 ga wata, ni zan kawo tef da sabon kwali, Baba zai kawo injin walda.